Gwangwanayen Baffa da farautar Doctor Who

Da aka zo lissafin kayan marigayi Baffa don rabon gado, an rubuta gida, an rubuta fili, an rubuta tsohuwar Fijo wadda tayoyinta suka daɗe da nutsewa cikin ƙasa. Sai aka buɗe ɗan shagon da ke bayan gida, aka jawo wata adaka ta ƙarfe. Cikinta gwangwanayen fim ne faffaɗa, an jera su wani kan wani, tsatsa ta haɗe bakin wasunsu. Malamin da ke rabon ya tambaya nawa za a yi musu kuɗi. Ɗaya daga cikin 'ya'yan ya ce a kira ɗan gwangwan ya ɗora a sikeli kawai. Ni na roƙi a dakata, don na hango wata takarda manne a murfin guda ɗaya. Gara ta cinye fiye da rabinta, amma haruffan BBC suna nan ɓaro-ɓaro.

Baffa da motar majigi ya fara aiki, ana yawo ƙauye-ƙauye ana kafa farin ƙyalle a filin kasuwa bayan isha'i. Daga baya ya koma wani gidan talabijin a nan Arewa tun ana baƙi-da-fari, kuma a can ya yi ritaya. Ga duk wanda ya san abin da na sani, tsohon ma'aikacin talabijin na Arewacin Najeriya da gwangwanin BBC a ɗakin ajiyarsa magana ce mai tsayar da numfashi.

Doctor Who shiri ne na Turawan Ingila da BBC ta fara nunawa ranar 23 ga Nuwamba, 1963. Labarin wani baƙon halitta ne mai siffar mutum, yana yawo daga zamani zuwa zamani, daga duniya zuwa duniya, a cikin wani shuɗin akwatin wayar 'yan sanda. Mu da muka tashi a shekarun 1980 mun gan shi a NTA, lokacin da jarumin shirin shi ne Tom Baker mai dogon mayafin wuya da ƙwala-ƙwalan idanu. Kiɗan buɗe shirin kaɗai yakan sa ƙannena su ruga bayan kujera. Sai da na girma, intanet ta zo, na gane ashe tsakiyar labari muka tarar, farkonsa kuwa duk giɓi ne. Cikin kashi 253 da aka yi a zango shida na farko, zamanin William Hartnell da Patrick Troughton, 'yan wasa biyu na farko da suka fito a matsayin jarumin, kusan 100 ba a san inda suke ba, kuma BBC ce da hannunta ta hallaka su.

Faifan bidiyo na wancan lokaci mai faɗin inci 2 ne, ga tsada, saboda haka da an nuna shiri sai a goge a ɗora wani a kai. Yarjejeniyar da aka yi da ƙungiyar 'yan wasa ta taƙaita maimaita shiri, ga shi kuma launi ya shigo a ƙarshen shekarun 1960, baƙi-da-fari ya zama tsohon yayi. Abin da ya rage shi ne kwafin da sashen kasuwanci kan yi don sayar wa ƙasashen waje: a saita kyamarar fim a gaban gilashin talabijin na musamman, a ɗauke shirin a kan fim mai faɗin milimita 16. Su ma a shekarun 1970 aka riƙa kwasarsu ana zubarwa don a sami wuri. Sai a 1978 aka tsayar da ɓarnar, aka ɗora Sue Malden a kan tantance abin da za a adana. Tun daga nan idon kowa ya koma kan kwafin da aka tura ƙetare.

Ba kowace ƙasa ake buga wa nata ba. In tasha ta gama nunawa sai ta miƙa wa ta gaba, ita ma ta miƙa, ta ƙarshe kuma ko ta mayar Landan ko ta lalata ta aika da takardar shaida. Wasu tashoshin ba su yi ko ɗaya ba, suka jefa a kanta suka manta, kuma wannan sakacin ne ya zama alheri. A tsakiyar shekarun 1980 aka dawo da labarai biyu na shirin, The Time Meddler da The War Machines, daga Najeriya. A 1991 aka gano The Tomb of the Cybermen sukutum a Hong Kong. Sannan babbar ta zo a watan Oktoba na 2013, ana dab da bikin cika shekara 50 da fara shirin: Philip Morris, wani Bature da ya mayar da bin ɗakunan ajiyar tashoshin Afirka sana'a, ya tarar da gwangwanaye a wani ɗaki na tashar talabijin a Jos. Kashi 9 da aka fid da rai da su suka fito, 5 na The Enemy of the World, 4 na The Web of Fear. Adadin ɓatattu ya sauko daga 106 zuwa 97. Na tuna yadda na riƙa karanta sunan Jos a jaridun Ingila ina dariya ni kaɗai, garin da muke zuwa sayen dankalin Turawa ya zama wurin da wasu mutane a Landan ke ambata da hawaye.

To ka ji abin da ke raina da na tsaya gaban adakar nan.

Kayan magada ne, ba nawa ba, don haka na fara da Hajiya, uwargidan Baffa. Na durƙusa na gaishe ta, na ce ina neman izinin riƙe gwangwanayen na ɗan lokaci in duba. Ta ce, "Ɗan nan, tarkacen Alhaji ne fa. Shekara nawa ina fama a fitar da su." Na tambaye ta ta yaya suka zo gidan, don ina so in san ko amanar wani wuri ce a hannunsa. Ta ce lokacin da wurin aikinsu ya koma amfani da kaset, an tara tsofaffin finafinai a bayan ofis za a cinna musu wuta, shi ne ya tsinci waɗanda zai iya ɗauka ya ɗaure a bayan babur. "Ya ce zunubi ne a ƙona aikin mutane." Malamin rabo ya ce a rubuta su a matsayin kayan da ba a yi wa ƙima ba tukuna, ni kuma in sa hannu na karɓi amana. Haka aka yi.

A daren na ɗauki hoton murfin na sa a wani zauren masoya shirin da nake ciki, da 'yar tambaya: ko akwai wanda ya gane irin wannan takarda? Kafin asuba wayata ta cika. Wani ya faɗaɗa hoton yana auna siffar haruffan don gano shekarar da aka buga takardar. Wani ya jero mini duk labaran da aka san an sayar wa Najeriya, tasha-tasha. Wani ya rantse cewa ɗan guntun rubutun biro da gara ta bari wutsiyar harafin Q ce, kuma QQ ita ce lambar da BBC ta ba The Web of Fear a takardunta. Wasu kuwa kai tsaye suka ce ɗan damfara ne. Abin ya yi mini zafi, amma ban ga laifinsu gaba ɗaya ba. Mutanen nan sun sha ƙarya har ta ishe su: duk 'yan shekaru sai wani ya ɓullo ya ce yana da kashi kaza, a yi ta murna, daga baya shiru. Haɗa wannan da sunan da 'yan 419 suka jawo mana, ka ga ba ni da bakin magana sai hujja.

Dalilin da ya sa harafin Q ya tayar da ƙura shi ne kashi na 3 na The Web of Fear. Labarin yana da kashi 6, an nuna shi a farkon 1968, wasu dodanni ne na ƙarfe masu gashi suka mamaye hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Landan. A kashi na 3 ne Kanar Lethbridge-Stewart ya fara bayyana sosai, mutumin da Nicholas Courtney ya ci gaba da fitowa a matsayinsa shekara da shekaru. Morris ya faɗa a 2015 cewa kashin yana cikin waɗanda ya gani a Jos, amma kafin a kammala shirin ɗaukowa ya yi ɓatan dabo. Tun daga ranar, duk gwangwanin da ya fito daga Arewacin Najeriya, shi ake fata ya zama.

Cikin hayaniyar akwai wani dattijo mai tara tsofaffin finafinai a Ingila da ya rubuto mini a keɓe. Bai tambaye ni me ke ciki ba. Abin da ya fara cewa shi ne kada in kuskura in ɗora fim ɗin a majigi. Ashe fim in ya tsufa yakan tsuke, ramukan gefensa su daina dacewa da haƙoran na'ura, sai ta yage shi tun daga farko har ƙarshe kana kallo. Da ma na riga na fara tunanin wani tsohon mai sinima da na san yana da majigi a ajiye. Dattijon ya kwantar mini da hankali kan abu guda: fim mai milimita 16 ba a taɓa yin sa da sinadarin nan mai kamawa da wuta ba, wanda ake tsoro a tsofaffin finafinan sinima masu milimita 35. Matsalarsa daban ce, kuma hanci ne ke gano ta.

Na shimfiɗa tabarma a inuwa, na samo safar hannu ta auduga, na fara buɗewa. Waɗanda tsatsa ta kama sai na bi bakin murfin da ƙaramin sukudireba a hankali, ina juyawa ina ɗagawa kaɗan-kaɗan. Na farko warin ƙura da tsohuwar takarda kawai ya yi. Na biyu ma haka. Da na ɗaga murfin wani kuwa, sai da na kau da kai: warin ruwan khal ne mai hawa ka, har ido yana yaji. Wannan ita ce cutar da dattijon ya faɗa. Robar fim ɗin ce ke ruɓewa tana fitar da tsami, zafi da laima suna ƙara mata gudu, kuma tururin yakan taɓa na kusa da ita. Ƙwararru suna da wata 'yar takarda shuɗiya da ake sakawa a gwangwani, in ta koma koriya ko rawaya an san matakin da cutar ta kai. Ni da hancina na yi aiki. Wancan nadin ya riga ya lanƙwashe, gefensa ya yi tudu da kwari, ya manne ya zama dunƙule ɗaya. Na fitar da shi can nesa da sauran.

Sai awo. Fim mai milimita 16 yana da hoto 40 a kowace ƙafa, talabijin ɗin Ingila kuma tana cin hoto 25 a daƙiƙa. In ka buga lissafi, shirin minti 25 irin Doctor Who zai ci ƙafa 900 da 'yan kai. Ƙananan gwangwanaye masu faɗin inci 7 ƙafa 400 suke ɗauka, wajen minti 11, saboda haka na ware su gefe. Na BBC ɗin na ɗora masa tef ɗin tela: ya kusa inci 12, nadin da ke ciki kuma ya cika shi saura kaɗan. Daidai girman da ake nema. Na sanar da dattijon, ya ce in yi haƙuri, rabin shirye-shiryen BBC na lokacin tsawonsu ke nan. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Don a warware fim ba tare da ya taɓa ƙasa ba ana buƙatar abin naɗi biyu. Na kai wa wani kafinta zane, ya kafa mini dogayen ƙusoshi biyu a kan katako, tazarar kamu biyu tsakaninsu, na ɗora nadin a ɗaya, faifan da babu komai a ɗayan. A tsakiya na kwantar da waya da fitilarta a kunne, na rufa mata farar takarda don hasken ya baje. Gilashin dubawa kuwa wurin mai gyaran agogo na bakin kasuwa na aro shi, irin wanda suke maƙalawa a ido. Da na gaya masa abin da zan yi da shi, ya dube ni ya ce, "Alhaji, fim ɗin ma sai an sa masa tabarau?"

Kafin kafinta ya gama, na koma na kalli Marco Polo, ko in ce abin da ya saura daga gare shi. Labarin Doctor Who ne mai kashi 7 daga 1964, an sayar wa ƙasashe da dama, amma ko daƙiƙa ɗaya ta hoto mai motsi ba ta tsira ba. Duk da haka ana iya zama a bi shi daga farko har ƙarshe, kuma aikin masoya ne. A shekarun 1960, kafin a san bidiyon gida, akwai samari da ke ajiye rikoda a gaban talabijin duk Asabar suna ɗaukar sauti, suna hana 'yan gida tari. Ɗaya daga cikinsu, Graham Strong, har waya ya jona daga cikin akwatin talabijin zuwa rikodarsa don sautin ya fita tas. Albarkacin irinsu, babu kashi ɗaya na shirin da sautinsa ya ɓata. Akwai kuma John Cura, mai hoton da sana'arsa ita ce ɗaukar hotuna daga gilashin talabijin yana sayar wa daraktoci da 'yan wasa, wajen 60 zuwa sama a kowane kashi. Na Marco Polo sun fito ne daga ajiyar daraktan, Waris Hussein. Masoya suka ɗauki sauti, suka jera hotuna a kansa, suka rubuta a ƙasa abin da ke faruwa inda babu magana. Wani abin dariya ma, hukumar tace finafinai ta Ostareliya takan yanke wuraren da ta ga sun cika ban tsoro, ta adana guntayen a fayil. A 1996 wani mai bincike, Damian Shanahan, ya tono su. Yau akwai labaran da abin da aka hana yara gani ne kaɗai ya rage daga cikinsu. Daga baya BBC ta shiga yin zanen katun a kan tsohon sautin, ta fara da The Invasion a 2006, har shi kansa kashi na 3 na The Web of Fear an zana shi a 2021. Na kalla, ban ƙi ba, amma fuskar Troughton ba ta zanuwa. Rabin wasansa a gira da kumatu yake.

Ranar da na ɗora nadin BBC a kan katako, yaran gidan sun kewaye ni, na kore su don ƙura. Farkon fim farin leda ne marar hoto, da rubutun fensir mai maiƙo wanda ya dushe. Bayansa lambobin ƙirge suka biyo, suna sauka ɗaya bayan ɗaya. Gefe ɗaya ramuka, ɗaya gefen wani siririn layi mai kauri da sirancewa, wato sautin ke nan a zane. Na ci gaba da juyawa da ɗan yatsa. Da hoto na farko ya zo kan haske na maƙala gilashi, sai na ga abin da dattijon ya ce in nema: hoton ba shi da kaifin wanda aka ɗauka kai tsaye da kyamarar fim, yana da ɗan laushi, kuma in ka ƙura ido kana ganin siraran layuka a kwance. Daga gilashin talabijin aka ɗauke shi. Sai da na ajiye gilashin na miƙe na zaga tsakar gida.

Buɗewar Doctor Who ta wancan zamani ba ta ɓoyuwa. An yi ta ne ta hanyar juya kyamara ta kalli talabijin ɗin da ke nuna hotonta, sai haske ya riƙa narkewa yana rassa kamar hayaƙi. Ita nake jira. Abin da ya fito wani allo ne mai rubutu, bayansa wani Bature mai taye da tabarau, tsaye kusa da tebur, a gabansa kwalabe da bututun gilashi. Shirin koyar da kimiyya ne na 'yan makaranta.

Ban tsaya nan ba, domin an gargaɗe ni cewa a tashoshi akan haɗa guntaye daban-daban a nadi ɗaya, kuma gwangwani da abin da ke cikinsa ba dole su zama 'yan gida ɗaya ba. Na bi fim ɗin ƙafa-ƙafa, ina tsayawa duk inda yatsana ya ji gaɓar haɗi. Aiki ne mai cin baya da ido. Baturen nan yana zuba ruwa daga wannan kwalba zuwa waccan, yana rubutu a allo, yana murmushi, har aka kai sunayen ma'aikata a ƙarshe. Babu akwatin 'yan sanda, babu dodo.

Na ɗauki hotunan firam-firam ta cikin gilashin na tura zauren. Mafi yawa sun yi godiya, wasu har da ban haƙuri kan abin da suka kira ni. Amma akwai waɗanda suka ƙi yarda. A ganinsu na sami abin, na ɓoye, na nuna wani fim daban. Mutum biyu suka biyo ni ta bayan fage da tayin kuɗi, ɗaya ma bai tsaya jin me ke akwai ba, cewa ya yi in faɗi farashi kuma kada in gaya wa BBC. A nan ne na fahimci yadda kashi zai iya ɓacewa daga kanta tsakanin ganinsa da ɗaukarsa. Son da ya sa yaro ya riƙe makirfo gaban talabijin a 1965, shi ne dai ya mayar da gwangwani mai tsatsa kadarar da ake ɓoyewa. A ra'ayina, masu yayata jita-jita da masu farautar sunayen mutane suna yi wa abin da suke so illa. Tsohon da ya tsinci fim daga juji shekara 50 da suka wuce, in ya ga yadda ake yi wa wanda aka zarga da riƙe kashi ɗaya dirar mikiya, me zai sa ya buɗe baki? Kuma tarihin abin ya nuna yawanci a hannun irin waɗannan mutane ake samu. Kashi 2 na The Daleks' Master Plan a ginin wata coci a Landan aka tsince su a 1983. Kashin da ake kira The Lion a hannun wani mai tara finafinai a Niyu Zilan ya fito a 1999. Biyun da aka samu a 2011, mai su ya saye su ne tun shekarun 1980 a wata 'yar kasuwar tara kuɗi ta makaranta, bai ma san ana nemansu ba. BBC kuwa abin da takan yi shi ne ta ari fim, ta kwafa, ta mayar wa mai shi. A 2006 shirin yara na Blue Peter har tukuicin mutum-mutumin Dalek (wani fitaccen dodon Doctor Who) mai cikakken girma ya sa wa duk wanda ya kawo ɓataccen kashi.

Dattijon nan shi kaɗai ne ya tambaye ni sauran gwangwanayen fa. Ya ce shi ma shirin kimiyyar zai bincika, don ba Doctor Who kaɗai aka goge ba, akwai dubban shirye-shirye da babu mai kuka a kansu. Daga baya ya dawo ya ce wannan ɗin akwai kwafinsa a ajiye, ba a buƙata.

Ƙananan gwangwanayen na zamanin majigi ne. Ɗaya kan noman auduga, ana nuna yadda ake shuka a layi da igiya. Ɗaya kan lambar agana, ga mutane a jere sun naɗe hannun riga. Na ƙarshen da na duba ba shi da layin sauti ko kaɗan, kuma hotonsa garau yake, babu layukan talabijin. Hawan sallah ne. Dawakai da lifidi, 'yan bindiga, masu algaita kumatu a kumbure, dogarai, jama'a a kan katanga da bishiyoyi. Babu rubutun da ya faɗi gari ko shekara. Na kira Hajiya na riƙa mata gilashin. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce ƙofar da ke bayan mahayan ta yi mata kama da ta garin su Alhaji kafin a rushe ta a faɗaɗa titi, amma ba za ta rantse ba. Shirin Bature mai kwalabe an buga shi kwafi-kwafi an raba wa duniya. Wannan kuwa da alama shi ne ainihin wanda ya fito daga cikin kyamara, wataƙila ma hannun Baffa ne ya ɗauka.

Irin wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya yi a 1976 an daɗe ana ɗauka ya ɓata, sai a 2016 aka gano nadinsa a wani tsohon ginin hukumar finafinai a Legas, aka gyara shi a Jamus, aka nuna a bikin finafinai na Berlin a 2018. Bambancin kawai shi ne Doctor Who yana da rundunar mutanen da suka haddace lambar kowane gwangwani da tashar da ta karɓe shi, namu kuwa sai wanda Allah ya sa ya yi tuntuɓe da shi.

Na mayar wa magada da bayani a rubuce: babu abin kuɗi a ciki. Malamin rabo ya yi musu ƙimar ƙarfen gwangwanayen, na biya, aka zuba a cikin gado, finafinan suka zama nawa da yardar kowa. Wanda ya ruɓe na nannaɗe shi daban na bar shi a shagon. Sauran na goge gwangwanayensu, na jera su a kwance a ƙarƙashin gado a ɗakin da ya fi sanyi a gidana, nesa da bango saboda damina. An ba ni shawarar firji, amma da wutar da ke zuwa tana ɗaukewa, sanyi da ɗumi za su riƙa musanya, raɓa ta taru a kan fim, gara a bar shi inda yanayi bai cika sauyawa ba. Akwai ma'ajiyar finafinai ta ƙasa a Jos, ƙarƙashin hukumar finafinai ta Najeriya, kuma can nake shirin kai na hawan sallar a duba ko za a iya juyar da shi zuwa kwamfuta da na'urar da ba ta amfani da haƙora. Hajiya ta kafa sharaɗi ɗaya, cewa in an juya a sa mata a waya, kuma a tura wa ƙanwar Baffa da ke garinsu, don ita ce za ta iya faɗin ko ƙofar ce, ta kuma san mahayan.